Wanda Ya Karya Shi Zai Riƙe: Jinjina ga Baba Idirisu Maɗori

Duk wanda ya bi ta unguwarmu Água de Meninos da sanyin safiya ya san inda zai tarar da Baba Idirisu. Yana idar da sallar asuba sai ya fito da 'yar tabarmarsa ƙofar ɗaki, ya ɗora kaskon man kaɗanya a kan garwashi, ya jawo gora ya hau tsagawa. Siraran tsagin nan su ne karan ɗorinsa, kuma ba ya ajiye ko ɗaya sai ya bi shi da yatsa ya tabbata babu sartse. Hannu na aiki, ido kuwa yana kan hanya. 'Yan dako suna gangarawa bakin jirgi da gammo a hammata, shi kuma tafiyar kowa yake kallo.

"Kai Zubairu, zo nan. Me ya sami ƙafar?"

"Ba komai, Baba."

"Ba komai ne ya sa kake taka ta kamar ta aro? Zauna."

Sai ka ga ƙato ya zube a tabarma. Baba ya shafa mai, ya lalubo wurin, ya murɗa, ƙaton ya kwarma ihu har kajin maƙwabta su watse, sannan ya miƙe ya taka ƙafar sosai ya wuce aiki. In rana ta ɗaga kuma sai Baba ya rataya jakarsa ya nufi hawan tudu, don can sama ma akwai masu jiransa.

Ni Ɗanjuma wanzami, ɗakina na kallon nasa, na fi shekara talatin ina ganin wannan. Bana ya tara mu ya ce ya ajiye ɗori, domin hannunsa ya fara rawa, kuma ba zai taɓa ƙashin ɗan mutane da hannu mai rawa ba. Aka ce to, Allah ya saka da alheri, kowa ya tashi ya kaɗe riga. Wallahi abin ya ɓata mini rai. Haba jama'a! Kowace shekara makaɗa na cika mana kunne da kirarin wanda ya ci kofin kokawa, amma mutumin da ke bi yana haɗa abin da kokawar ta farfasa, ba a taɓa buga masa ganga ba. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, na kuma roƙa a karanta wannan a fili kafin a fara wasan bana.

Bari in yi wa yaran da aka haifa a nan Bahia bayani, tunda yawancinsu gabar da ke tsakaninmu suka gada, ba su gaji labarinta ba. Hausawan da ke dako a garin nan kashi biyu ne. Akwai 'Yan Bakin Ruwa, masu sauke buhunan sukari da damman taba a gindin jirage. Ni ban taɓa saɓa buhu ba, amma kawunansu nake aske wa, saboda haka nasu ne ni, ba na ɓoyewa. Akwai kuma 'Yan Tudu na unguwar Barroquinha, masu ɗaukar manyan gari a kujerar nan mai labule, wadda mutum biyu ke saɓawa a kafaɗa da itace guda, ɗaya gaba ɗaya baya. Kowace shekara, Lahadin da ta biyo bayan ƙaramar Sallah, mukan haɗu a rairayin Itapagipe idan teku ta janye, a zana da'ira a yi kokawa. Ɓangaren da ƙatonsa ya rage a tsaye shi ke tafiya da kofi. Kofin kuwa, in kun ga dama ku yi dariya, na tagulla ne mai lotsattsen baki, wani ya tsinto shi a tarkacen jirgi. Amma a kansa na ga dattijo da furfurarsa ya ƙi cin tuwo.

Da kofin ne kaɗai, da da sauƙi. Shekarar da aka yi tashin nan na watan azumi, da mutanenmu suka yi wa hukuma bore, a nan ƙofarmu sojojin doki suka fito daga bariki suka murƙushe mutane. Waɗanda suka tsira suka ruga sama neman mafaka, aka ce wasu gidajen 'Yan Tudu sun ja ƙofa sun sa sakata. Bayan nan hukuma ta tarwatsa mu, wasu bulala, wasu aka tusa su a jirgi, mun daɗe kafin mu sake haɗa kanmu. Su ma ba su sha ba, an bi gidajensu an kwashe alluna, an kore malamansu. Shekaru suka ja, sai hukuma ta ce kowane ɗan dako ya rataya ƙarfe mai lamba a wuya. Gari duka aka ajiye kaya aka ƙi aiki. 'Yan Tudu suka daure, namu kuwa yunwa ta ci ƙarfinsu suka riga kowa komawa, da ƙarfen a wuya. Tun daga nan kowa ya sami abin gori. Mu muna ce musu masu sakata, su suna ce mana awakin Bature. Ni dai har gobe ina cewa tamu yunwa ce, tasu kuwa tsoro, amma yau ba ranar wannan magana ba ce.

Baba Idirisu ɗan Bakin Ruwa ne, kuma yayansa na cikin waɗanda suka faɗi a ƙofar barikin. In akwai mai hujjar ƙin taka Barroquinha har abada, to shi ne. Amma ku tambayi Uwani mai ƙosai, wadda ke zama a gindin hawan. Ta ce farkon fara kokawar nan, Sulaimanu na 'Yan Tudu ya karye a ƙafa, 'yan'uwansa suka ɗauke shi ko kallon Baba ba su yi ba. Washegari ta ga Baba ya wuce ta da jaka. Ya je ya yi sallama aka ƙi amsawa, ya zauna a dakali har azahar, ya sauko. Gari ya waye ya koma. Haka ya yi ta yi har ƙafar ta kumbura, masu gidan suka tsorata suka buɗe masa. Sulaimanun nan shi ne makaɗinsu yanzu, da ƙafar yake taka rawa yana zaginmu.

Ɗorin gado ne, a wurin mahaifinsa ya koya a ƙasar Zazzau kafin a kamo shi. Tare da ɗorin ya zo da wata ƙa'ida da bai taɓa sassautawa ba: wanda ya karya mutum shi zai riƙe shi a ɗora, shi kuma zai ɗauki kayansa har ya warke. Mu duk mun ɗauka horo ne kawai irin na tsofaffi. Sai bara muka ji dalilin daga bakinsa.

Bara kokawar ƙarshe ta faɗo tsakanin Haruna da Usman. Haruna shi ne ƙaton 'Yan Tudu, yana saurayi aka kawo shi a jiragen ƙarshe, kuma har yau bawa ne na wata tsohuwar attajira a saman gari, shi ke gaban kujerarta. Matarsa Ladi mai wanki ta riga ta fanshi kanta. Kowa kuma ya san halin da ake ciki, dillalan bayi na yawo gida gida suna saya wa gonakin gahawa na kudu, kuma bawan da ya kasa aiki shi ake fara miƙa musu. Wanda aka kai can, ko labarinsa ba a sake ji. Usman kuwa namu ne, ɗa ne ba bawa ba, a nan aka haife shi. Yana ciki mahaifinsa ya rasu a tashin nan, kuma uwarsa ta raine shi da labarin cewa a bakin wata rufaffiyar ƙofa ta Barroquinha aka cim masa. Ban taɓa ganin Usman ya shiga da'ira yana murmushi ba.

Suka kama juna, aka daɗe ba wanda ya motsa wani. 'Yan Tudu suka fara kukan awaki, matanmu suka mayar musu da ƙwanƙwasa ƙwarya. Wannan duk an saba. Sai wani marar kunya daga cikinsu, Allah ya sa yana jina yanzu, ya ɗaga murya ya ce, "Usman, je ka ƙwanƙwasa, ko kai a buɗe maka!" Ina kusa, na ga fuskar Usman ta sauya. Ya sunkuya ya ciccibi Haruna gaba ɗayansa, maimakon ya shimfiɗa shi ta baya yadda ake yi, sai ya maka shi ta kafaɗa ya bi shi ya danne. Har bayan fili an ji ƙarar.

Nan take sanduna suka fito ta kowane gefe. Baba bai kalli kowa ba, ya ratsa tsakiya da jakarsa ya durƙusa, ya bi hannun da yatsu.

"Kafaɗa ta goce, damtse ya tsage," in ji shi. "Ina Usman?"

Wasu ƙarti biyu na 'Yan Tudu suka matso. "Mu za mu riƙe ɗan'uwanmu, Baba. Kada wancan ya sake taɓa shi."

"Ba za ku iya ba."

"Ƙarfi ne ba mu da shi?"

"Ƙauna ce ta yi muku yawa. Zan ja, zai yi ihun da ba ku taɓa ji ba, ɗayanku zai sassauta. In aka sassauta ina tsakiyar ja, hannun ya tafi ke nan. Wanda ba ya tausayinsa nake so."

Usman na tsaye gefe yana huci. Ya ce, "Baba, ka ji abin da suka faɗa a kan ubana."

"Na ji, ɗana. Na san ubanka, tare suka fita da yayana. Wannan da ke kwance kuwa, lokacin yana goye a bayan uwarsa a ƙasar Daura. Zo ka zauna bayansa. Kafaɗa in ta huce ba ta komawa da daɗi."

Usman bai motsa ba. Baba bai roƙe shi ba, bai kuma saki hannun ba, ya dai zauna a durƙushe yana kallonsa, ga teku ta fara dawowa tana lasar bakin da'irar. Sai Ladi ta keto mutane, mayafinta a hannu, ta tsaya gaban Usman. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Usman, in hannun nan ya lalace sayar da shi za a yi, ka sani. Ka tsane shi in ka ga dama, amma ka riƙe shi."

Ya zauna. Ya haɗa ƙirjinsa da bayan Haruna, ya sarƙe shi da hannu biyu. Baba ya yi bisimilla, ya dafa ƙafa ya ja. Haruna ya kira innarsa da ƙarfin da ya sa mata toshe kunne, ya kai baki ya kafa wa Usman haƙora a hannu har jini ya zubo. Usman bai sassauta ba ko kaɗan. Muka ji ƙas, kafaɗa ta koma. Baba ya jera karansa a damtsen ya naɗe, ya juya ya wanke wa Usman cizon da ruwan gishiri. Kofin namu ne ranar, amma ba wanda ya buga ganga, ni na jefa shi a zabirata na kai gida.

To, riƙo na ɗan lokaci ne, ɗaukar kaya ita ce babbar magana. Washegari Baba ya sa wankakkiyar rigarsa ya tafi gidan uwargijiyar Haruna. Aka bar shi a tsakar gida cikin rana, ta aiko a ce masa ta riga ta kira dillali. Ya ce a gaya mata kujerarta ba za ta yini a ƙasa ba, zai kawo wanda zai ɗauka, ta ba shi wata biyu. Aka shiga aka fito, aka ce ya tafi. Bai tafi ba. Da la'asar ta leƙo da kanta ta ce ta yarda, amma ranar da ta nemi kujera ta rasa mai ɗauka, magana ta ƙare. In wata biyun sun cika kuma, Haruna zai hawo da ita tun daga ƙasan gari har ƙofarta a gaban dillalin. In ya ajiye ta a hanya, dillali ya wuce da shi.

A gabana Baba ya faɗa wa Usman. Usman ya miƙe tsaye ya ce, "Baba, ni ɗa ne. Uwata ta sha wuya don kada in sa rigar bayin gidan kowa."

"Na sani. Ni na sa ta shekaru, ga ni ban mutu ba. Gobe bayan asuba ina ƙofarka."

Ya kuwa je. Kullum sai ya tsaya a ƙofar Usman har ya fito, ya taka da shi har sama, ya ga ya sa rigar ya saɓa itacen, sannan ya wuce ɗakin Ladi ya duba Haruna. Da yamma ya sake hawa ya taho da Usman, ya shafa masa mai a kafaɗar da ta saluɓe, don mai ɗaukar buhu a ka bai saba da cizon itace ba. Tsoho ne fa, ga zafin lokacin nan da ko kare ba ya fita. Uwani ta ce sau da yawa yakan zauna a gefen kaskonta ya mayar da numfashi, ta ce, "Baba, ka huta yau mana." Sai ya ce, "In na huta yau, gobe yaron nan ba zai fito ba."

Kada ku zaci an taya shi. Audu, mai riƙe bayan kujerar, da gangan yake saɓa taku don itacen ya ci kafaɗar Usman, sai da Baba ya je har gida ya yi masa tatas. Namu kuwa, kaico, su suka fi ba ni haushi. Suka sa wa Usman suna karen 'Yan Tudu. Wani ya zauna a gabana ina masa aski ya maimaita wannan magana, na aske masa rabin kai na naɗe askata, na ce ya je 'Yan Tudu su ƙarasa masa. Shi kansa Haruna ya so ya kwance ɗorin tun bai yi ƙwari ba, don kunyar wani na ɗaukar masa kaya. Baba ya ce wa Ladi in ya sake taɓa karan ta ɗaure masa ɗaya hannun a jikin gado.

Ranar gwaji ta zo. Dillali ya iso da malafarsa da 'yar sandarsa, tsohuwa ta shiga kujera aka saki labule. Ban san wa ya yaɗa labari ba, amma 'Yan Tudu sun cika gefe guda na hawan, namu sun cika ɗayan. Haruna ya tsaya a gaba, hannun ya rame. Audu ya nufi baya, wurinsa na kullum, sai Usman ya dafa shi ya ce, "Matsa." Duk mai wannan sana'a ya san a hawa nauyi baya yake gangarowa, kuma in na baya ya matso da kafaɗarsa kusa da kujerar, shi zai kwashe kusan duka. Usman ya matso har goshinsa na taɓa labulen.

Suka ɗaga. Baba ya bi gefen Haruna da yatsu biyu a kan kafaɗar, yana cewa, "Sannu. Numfasa. Taka." Sulaimanu bai zo da ganga ba don kada 'yan doka su ce taro ne, sai ya fara tafi a hankali daidai da takunsu. Ban san lokacin da na ga hannuna na tafi ba, na duba na ga duk namu sun kama. A tsakiyar hawan, inda duwatsun suka fi santsi, Haruna ya tsaya cak, kujerar ta karkata. Dillali ya matso. Baba ko ɗaga murya bai yi ba.

"Ƙashin lafiyarsa ƙalau, ina jin sa a hannuna. Tsoro ne kawai. Taka, Haruna."

Ya taka. Jijiyoyin wuyan Usman kamar za su tsinke, amma bai yi ko tari ba. Haka suka yi ta hawa har ƙofar gidan, suka sauke ta a hankali. Tsohuwar ta ɗaga labule ta dubi Haruna sama da ƙasa, ta faɗa wa dillalin 'yan kalmomi da yarensu, ta shige. Mutumin ya tofar da yawu ya juya. Sai a lokacin Ladi ta zauna daɓas a tsakiyar hanya ta fashe da kuka. Haruna ya juyo yana haki ya dubi Usman, mu kuma muna jiran godiya. Sai ya ce, "Baɗi kofin namu ne, ka sani." Usman, wanda ko wuya ba ya iya juyawa, ya ce, "Zo ka ɗauka in ka isa."

A watan da aka yi gwajin ne jirgin kudu ya tashi. Mutanenmu suka yi masa lodi, muka tsaya muna kallon waɗanda aka shigar a jere, har da wasu da na sha yi wa aski. Na yi kuka ranar, ba na jin kunyar faɗa. Amma Haruna ba ya cikinsu.

Baba Idirisu, kai ne ka hau tudun da ya kamata ka ƙi hawa, ka yi ta hawansa har gwiwarka ta gaji. Kai ne ba ka taɓa tambayar karyayye ko na wane ɓangare ne ba kafin ka durƙusa. Ba ka sasanta mu ba, ba ka ma ce za ka yi ba, ga mu nan yau ma kowa ya zo da gorinsa a baki. Amma ka hana gabarmu ta cinye mana mutum, a garin da masu cinye mu suka riga suka yi yawa. Maɗorin Bakin Ruwa da Tudu, mun gode. Allah ya saka maka da alheri, ya ba hannun nan hutu, ya sa abin da ka ɗora ya tsaya maka ranar da kowa ke neman abin dafawa.

Ku kuma samari, ku saurare ni da kyau. Yau za a yi kaye, wataƙila a yi karaya, kuma babu mai ɗorawa. Hannun Baba ne ya gaji, bakinsa bai gaji ba, ya ce duk mai so ya zo ya koya masa. Ina son mutum biyu daga Tudu, biyu daga Bakin Ruwa, gobe da safe a kan tabarmarsa suna tsaga gora. In ba ku zo ba ni zan bi ku gida gida, kun kuwa san halina.

Wanda kuma ke ganin abin bai kai a ɓata masa lokaci ba, ya juya ya duba. Haruna yana cikinku, ga shi can kusa da Ladi. Haruna, ɗaga hannun nan jama'a su gani. Ɗaga shi sama sosai, Baba a zaune yake, bari shi ma ya gani.